Gidan Sharifa a Kan Karo

Matso nan, ga gefen tabarma, ka zauna. Shayin bai nuna ba tukuna, kafin ya nuna zan ba ka labarin Sharifa, matar Malam Sadisu ta Kambon Alhasan. In ka ji muryata tana tashi, kada ka ɗauka da kai nake. Da abin da ya faru nake.

Kambon Alhasan, zangon 'yan aikin gona, yamma yake da garin Managil, tafiyar sa'a biyu a karo, wato keken jaki. Gidajen laka ne wajen ɗari da arba'in, a jere a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. A nan aka haifi Sharifa. Kakanta ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar Makka, tsintar auduga ta tsayar da shi don ya ƙara guzuri, guzurin kuwa bai taɓa cika ba. Ita gajeruwa ce, mai saurin tafiya, in ka bi ta sai ka yi haki. Sana'arta gyaɗa. Ta soya a cikin yashi, ta niƙa wata ta yi dakwa, sau uku a mako ta kai tashar motar Managil. Ɗiyarta guda tana aure can Damazin, ɗanta namiji ya tafi haƙar zinariya arewa, labarinsa sai jefi-jefi. Saura ita da mijinta.

Abin da aka fi saninta da shi rufin asiri ne. Tsakar gidanta sau biyu ake share shi a rana. Kalmar “babu” ba ta fita daga bakinta. Ko ranar da ba su da abin dafawa, in ka tambaye ta sai ta ce sun ci da wuri.

Malam Sadisu shekara talatin ya yi yana ban ruwa a hawashar wani, wato gonar da gwamnati ta yanka wa wani shi kuma yake noma ta a raba amfani. Kullum ƙafarsa cikin taɓo, ba takalmi. Ciwon sukari ya kama shi, sannan wata rana tsinin karan auduga ya soke shi a babban yatsan ƙafar dama. Bai ma ji ba. Gyambon ya ƙi warkewa. Likitan Managil ya ce allura kullum, wankin ciwo sau biyu a mako, in ba haka ba ƙafar za ta tafi. Wannan kuwa shekarar da ta biyo bayan ɓallewar kudancin ƙasar ce, lokacin da kuɗin magani ya haukace. Sharifa ta sayi allurar in gyaɗa ta yi kasuwa, ta adana kwalbar a cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin tulu. Sadisu kuma ya riƙa raba ta kwana ɗaya zuwa kwana biyu ba tare da ya faɗa mata ba.

Sai wata Juma'a bayan salla Abdulganiyu, shugaban lajna, wato kwamitin kambo, ya miƙe a ƙofar masallaci ya yi sanarwa. Ya ce katin ta'amin, wato inshorar lafiya, ya iso ga talakawa. Ma'aikatan gwamnati sun daɗe da shi, ana cire musu a albashi. Da katin nan za ka ga likita kyauta, a yi maka awo kyauta, magani kuma ka biya kashi ɗaya cikin huɗu. Yanzu wani ofishin taimako a Managil zai biya wa marasa hali, kuma kambon ya samu gurbi goma sha biyar. An rubuta gida talatin, ranar Laraba wata ustaza, ma'aikaciyar ofishin, za ta zo ta ga gidajen da idonta, a zaɓi rabi.

Gidan Sadisu yana cikin talatin ɗin. Kowa ya ce ai nasu a hannu yake.

To, ka san yadda muke. In baƙo zai sauka a gida ɗaya, layin ne duka yake karɓarsa. Mai kujera ta kawo, mai kofuna ta kawo, in ya tafi kowa ta ɗauki nata. Haka muka taso, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan yaudara. Mu da aka daɗe ana yi wa kallon baƙin haure masu ƙazanta, ba mu yarda wani ya shigo daga birni ya fita da abin faɗa.

Ranar Talata da hantsi Indo, maƙwabciyar Sharifa wadda ta girme ta, ta leƙo ta tsaya tana kallon ɗakin.

“Ke Sharifa, a kan wanga gadon za ki zaunar da matar gwamnati? Igiyarsa ta kusa taɓa ƙasa. In ta zauna sai an kira maza su ciro ta.”

“To Yaya Indo, shi gare ni.”

“Shi gare ki, mu kuma mun mutu?”

Kafin azahar an kawo kujerun roba shida daga gidan Indo. Wata ta kawo zanen gado da ɗanta ya aiko daga Jidda, wata ta kawo kofunan gilashi da faranti mai ruwan zinariya. Wata amarya ta ba da talabijin ɗinta mai aiki da batirin mota. Har fanka aka samo, mai tsayi, aka tsayar da ita a kusurwa, a gidan da wayar lantarki ba ta taɓa shiga ba. Indo ta ce a bar ta, tana ƙara wa ɗaki kwarjini.

Suna cikin jigilar nan Abdulganiyu ya biyo a kan babur ɗinsa. Ya tsaya, ya ga kujeru a kan mata, ya ga talabijin.

“Sannunku. Biki ake yi ban ji ba?”

“Baƙuwarka muke wa shiri,” in ji Indo.

Ya yi dariya. “Madalla. Ku gyara da kyau.”

Ya tayar da babur ya wuce. Ka riƙe wannan a ranka. Mutumin nan ya ga takardar da ustazar za ta cika, ya san abin da ke ciki layi-layi. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ya ce su gyara da kyau.

Laraba ta zo. Sharifa ta yanka kazarta ta ƙarshe, mai ƙwai. Ta sa wa Sadisu jallabiyarsa ta salla, ta naɗe ƙafar da tsumma mai tsabta, ta sa masa safa, ta turara ɗakin da turaren wuta don kada a ji warin ciwon. Ustaza Nawal ta iso wajen ƙarfe ɗaya, yarinya ce 'yar Madani da ba ta daɗe da gama makaranta ba, ta gaji, ƙura har a gira, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Gidansu ne na goma sha tara. Ta zauna a kujerar Indo, ta sha ruwa a kofin gilashi, ta ci cinyar kaza, ta yaba. Mata sun cika bakin ƙofa suna kallo.

Ta buɗe takarda, ta tambayi Sadisu da Larabci yaya jikinsa.

“Alhamdu lillahi, cikin ni'ima muke.”

“An ce kana da sukari.”

“Ɗan kaɗan. Da sauƙi.”

Ta juya ga Sharifa. “Hajja, sau nawa kuke cin abinci a rana?”

Sharifa ta dubi bakin ƙofa. Mata goma na tsaye, ciki har da surukar ɗiyarta.

“Ba mu taɓa kwana da yunwa ba, ustaza.”

“'Ya'ya suna aiko da wani abu?”

“Allah ya yi musu albarka, ba su manta da mu.”

Nawal ta ɗaga kai ta dubi ɗakin, ta yi ta sa alama a takarda. Da za ta tafi Sharifa ta ƙulla mata dakwa a leda, ta raka ta har mota. Da yamma kowa ta zo ta ɗauki kayanta. Indo ta ce wallahi an fita kunya.

Bayan mako biyu aka liƙa sunaye a bangon makaranta. Babu Sadisu. Na uku a jerin kuwa Mahmudu ne, ƙanin Abdulganiyu, mai injin niƙa da akori-kura. Daga baya muka ji yadda aka yi. A tsohon ɗakin da yake ɗaure awaki ya karɓi ustazar, ya shimfiɗa mata buhu, matarsa ta sa zani mai faci.

Washegari Sharifa ba ta ɗauki gyaɗa ba, ta tafi ofishin nan na Managil. Ta zauna a benci tun safe har bayan azahar kafin a shigar da ita. Nawal ta gane ta, ta gaishe ta da fara'a, ta nemo takardar.

“Hajja, ga abin da na gani. Talabijin, akwai. Fanka, akwai. Kujeru shida. Nama a abinci. Taimakon 'ya'ya, akwai. Ciwo mai tsanani, babu.”

“Na aro ne.”

“Wanne?”

“Duka. Har kofin da kika sha ruwa.”

Nawal ta ajiye alƙalami. “To me ya sa kika yi mini ƙarya?”

Sharifa ta faɗa wa mata daga baya cewa a nan ne ta ji kunnenta ya yi zafi. Shekararta hamsin da wani abu, ba wanda ya taɓa jifanta da wannan kalma.

“Ƙarya? Baƙuwa ce ke, ɗiyata. A ƙasa zan zaunar da ke? Ku a Madani in baƙo ya zo, tukunyar da ba komai a cikinta kuke buɗe masa?”

 Nawal ta juya takardar ta nuna mata. Gurbin sa alama biyu ne a gaban kowane layi, ɗaya na akwai, ɗaya na babu.

“Ba wurin da zan rubuta aro, hajja. Kuma mijinki da bakinsa ya ce da sauƙi.”

“Kin taɓa jin namiji ya ce ba sauƙi a gaban matan unguwa?”

“Ma'alesh, ki yi haƙuri. Jerin ya riga ya tafi. Sai dai a sake ziyara a sake rubutu.”

“To zo gobe. Ba zan share ko tsakar gida ba.”

“Motar ofis ta lalace. Ko an gyara, babu mai. Sai bayan kaka, in Allah ya so.”

Bayan kaka wata huɗu ke nan. Yatsan Sadisu kuwa ya riga ya fara baƙi.

Ta biya ta gidan Abdulganiyu a kan hanyarta ta komawa. Ta same shi a inuwa yana shan jabana, gahawar nan tamu.

“Malam Abdulganiyu, ka ga muna ɗaukar kujeru.”

“Na gani, Inna Sharifa.”

“Ka san abin da takardar ke tambaya.”

“Ni aikina rubuta suna. Ban ce a kai talabijin ba. Ke ma dai, ana neman talaka kin tashi kin zama matar tajiri.”

Waɗanda ke zaune tare da shi suka yi dariya.  Sharifa ta wuce gidan Indo, ta ce tana son mijinta Mahadi ya ba ta karonsa gobe da sassafe.

Da ta gaya wa Sadisu abin da za ta yi, ya tashi zaune.

“Ba za ki kai ni gari a yi kallona kamar ragon kasuwa ba.”

“Malam, ba su zuwa. Mu za mu je.”

“In kin yi haka, da wane ido zan shiga masallaci?”

“Ka fara samun ƙafar da za ta kai ka tukuna. Shekara talatin da ɗaya ban ƙetare maganarka ba. Gobe zan ƙetare, ka yafe mini.”

Ya juya fuskarsa bango. Da safe dai da Mahadi ya zo ya ɗaga shi, bai hana ba.

Suka ɗora gidan a kan karo. Gadon igiya ɗaya. Tabarma biyu, ɗaya ta ɓule. Tukwane biyu, kaskon suyar gyaɗa, murhun gawayi, buta, kwano uku, kofin silba guda. Akwatin ƙarfe mai kayan sawarsu. Tulu da kwanon yashin da kwalbar allura ke ciki, saura kaɗan a gindinta. Kwandon dawa da bai kai rabi ba. Aka kwantar da Sadisu a kan gadon. Abin da ya fi cin ran Indo, ta ce, shi ne an gama lodi har da sauran wuri. Ita da matan nan huɗu masu kayan aro suka hau suka zauna, jakin bai ko ji nauyi ba.

Sun isa ofis ana buɗewa. Mai gadi ya ce ba a shiga da jaki. Sharifa ta ce ba damuwa, jakin ba nasu ba ne. Suka sauke kayan a bakin ƙofa suka shiga da su da hannu. A tsakiyar farfajiya, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, ta jera komai yadda yake a gida. Gado nan, tulu a gefensa, murhu can, tukwane a kife. Masu jiran layi suka taso daga benci. Ma'aikata suka leƙo ta taga.

Sai ta durƙusa ta cire safar, ta warware tsumman. Waɗanda ke kusa suka ja da baya suna toshe hanci. Sadisu ya rufe fuskarsa da rawani.

Mudir, shugaban ofis, ya fito, babban mutum mai tabarau, yana tambayar hayaniyar mene ne. Sharifa ta miƙe ta yi masa magana da Larabci, ba ta ɗaga murya ba.

“An ce ba ku da mota, shi ne na kawo muku gidan. Ga shi duka. A kira ustaza ta duba.”

Indo ta matso. “Kujeru shida nawa ne, a rubuta. Indo matar Mahadi.”

“Talabijin tawa ce,” in ji amaryar.

“Fankar ta gidanmu ce, kuma ba ta aiki,” in ji wata.

Wani a cikin taron ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Nawal ta fito da sabuwar takarda. Ta tsaya a rana tana bin layi tana sa alama a gefen babu. Da ta iso layin ciwo ta dubi ƙafar sau ɗaya ta kawar da kai.

Ka san abin da Sharifa ta yi? Ta ga yarinyar tana gumi, sai ta ɗauki kofin silbar nan, ta ɗauraye shi, ta zuba ruwa daga buta, ta miƙa mata da hannu biyu.

“Sha, ɗiyata. Yau ruwa kawai gare mu.”

Nawal ta karɓa, ta riƙe, ta kasa sha.

Mudir ya sa hannu a ranar, ya ce a ƙara sunan. Ka ce an gama? Sai aka ce hotuna. Aka kawo hotuna, aka ce takardar shaidar zama daga lajna, wato daga hannun Abdulganiyu, shi kuma ya yi tafiya kwana tara. Aka kawo ta, aka ce katin ba a nan ake buga shi ba, sai takardu sun taru a kai su Madani gaba ɗaya. Nawal da kanta ta ɗauki nasu ta hau motar haya ta kai, wannan na shaida mata. Duk da haka sai da aka yi mako bakwai.

Baƙin ya bar yatsa, ya ci tafin ƙafa, ya haye idon sawu. Ranar da Sharifa ta karɓi katin, da hotonta da na Malam a jiki, ta wuce da shi asibiti kai tsaye. Likita ya duba ya ce da an zo wata biyu baya da yatsa kawai za a cire. Abu na farko da katin ya biya shi ne yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Sadisu ya rayu. Yana samun allurarsa kullum, ba ya raba ta. Mahadi ya sassaƙa masa sanduna biyu. Bai taɓa yi wa Sharifa gori ba, amma tun daga ranar karo bai sake zama a tabarmar dattawa ta ƙofar masallaci ba. Ya yi salla a sahun baya, ya fita kafin a shafa. Mahmudu kuwa da nasa katin ya yi sabon tabarau.

Da shekara ta zagayo aka ce za a sake zuwa duba gidaje, gurbi goma. Wannan karon ba wanda ya share tsakar gida. Mata suka kai kaji cikin gonar auduga suka ɗaure, aka cusa zannuwan gado cikin buhunan gawayi, aka koya wa tsofaffi su yi nishi in an tambaye su jiki. Wanda ya zo, a ƙasa aka zaunar da shi, aka ba shi ruwa a gwangwanin madara. Tun daga nan duk baƙon da ya shigo kambo da takarda a hannu, ko mai rigakafi ne, sai an tambaya a ɓoye ko mai rubuta gidaje ne kafin a ɗora masa shayi.

Ana gobe za a zo, Indo ta shigo gidan Sharifa da kujerun nan shida a ka. Ta sauke su a tsakar gida, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

“Ke kin riga kin samu kati, ba a shigowa wurinki. Ki ɓoye mini su zuwa jibi.”

Bayanta amaryar ce da talabijin, bayanta mai kofuna, bayanta mai fanka. Sharifa ta karɓa duka, ta jera su a ɗaki, kowanne a inda ya tsaya waccan Laraba. Sadisu na zaune a kan gadon igiya da sandunansa a gefe, yana kallo.

“Baƙo za mu yi?” ya ce.

“A'a, Malam. Ba mai zuwa.”

Shayi ya nuna, miƙo kofinka. Amma kafin ka sha ka gaya mini: in gobe aka yi sallama a ƙofarka, baƙo ne daga birni, da takarda a hannunsa, kai kuma da mara lafiya a ɗaki, kujera za ka kawo masa, ko a ƙasa za ka zaunar da shi?